Yadda Mai Bincike a Legas Zai Nemi Tallafin Haɗin Gwiwa a Kimiyyar Kwantam

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci a Agege, wani matashi ya tare ni a bakin titi da waya a hannunsa. Iyayensa mutanen Katsina ne, shi kuwa haifaffen Legas ne. Ya gama digiri na biyu a Fiziks, yana koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Malam, ga tallafin binciken kwantam nan daga Turai, miliyoyin Yuro. Ta ina zan fara cike fom ɗin?" Na karɓa, na gangara can ƙasa inda aka jera sharuɗɗa. Cibiyoyin ƙasashen Tarayyar Turai da wasu 'yan ƙasashe da aka ambata da suna kaɗai aka yarda su nema. Da na nuna masa, jikinsa ya yi sanyi. Na ce, "Ƙanena, kada ka karaya. Ƙofar da ba taka ba ka ƙwanƙwasa, amma akwai naka ƙofofin."

Saboda shi da ire-irensa da ke Akoka da Ojo da Yaba na zauna na tsara wannan jagora. Abin da nake so a riƙe tun daga farko shi ne, a wannan fanni kuɗi abokin aiki yake bi. Kusan duk fom ɗin da za ka buɗe zai tambaye ka wa zai karɓe ka a can, da kuma me kuka taɓa yi tare. Wanda ya fara neman kuɗi kafin ya nemi mutum zai sha wahala a banza.

Kuɗin kuwa akwai su. Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirinta na Quantum Flagship a 2018 da niyyar kashe Yuro biliyan 1 cikin shekara 10. A Disambar 2018 ɗin Amurka ta kafa dokar shirinta na ƙasa. Birtaniya ta sanar da Fam biliyan 2.5 a 2023. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantam, kuma Ghana ce ta gabatar da ƙudurin a zauren majalisar. Mafi yawan wannan dukiya a gidan masu ita take zama. Abin da ke isowa gare mu ta hannun haɗin gwiwa yake zuwa.

Mataki na farko: zaɓi aikin da za a iya yi daga Legas

Kimiyyar bayanai ta kwantam tana nazarin yadda ake adana bayani, a sarrafa shi, a aika shi ta amfani da dokokin da ke mulkin ƙananan ƙwayoyin abubuwa irin su ƙwayar lantarki (ilektron) da ƙwayar haske. Kwamfutar da muka sani tana aiki da 0 ko 1. Ita kuwa kiyubit, wato ƙwayar bayani ta kwamfutar kwantam, tana iya kasancewa cikin gaurayen su biyun, kuma kiyubit biyu suna iya sarƙewa ta yadda ba za a iya bayyana halin ɗaya ba tare da ɗayar ba. Gwaje-gwaje a kan wannan sarƙewa ne suka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a 2022.

Ƙera na'urar kanta ba aikin da za ka fara da shi ba ne a nan. Irin kiyubit da IBM da Google suke amfani da ita sai an sanyaya ta a firji na musamman har ta kusa kaiwa ƙarshen sanyi, wato kusan digiri 273 ƙasa da sifili, kuma wuta ba ta ɗaukewa ko na minti ɗaya. Mu da muka san halin wutarmu da kuɗin dizal mun san inda maganar ta tsaya. Idan ka rubuta cewa za ka gina irin wannan ɗakin gwaji da tallafin shekara biyu, alƙalan za su gane ba ka san nauyin aikin ba.

Abin da ke hannunka yana da yawa: lissafin ka'idoji, tsara dabarun lissafi, gyaran kura-kuran da kiyubit ke yi, kwaikwayon ƙwayoyin sinadarai, da tsaron sirri. Kwamfutar cinya mai kyau tana kwaikwayon kiyubit 20 zuwa 25 ba tare da kuka ba. Kowace kiyubit da ka ƙara tana ninka buƙatar ma'ajiya sau biyu, shi ya sa kiyubit 30 ke cin kusan gigabayit 16. IBM kuma tana ba kowa damar aika aiki zuwa ainihin na'urarta ta intanet kyauta, kimanin minti 10 a wata, ta manhajar Qiskit. Minti 10 kamar kaɗan ne, amma wanda ya gwada aikinsa da kyau a kwamfutarsa kafin ya aika, za su ishe shi ya fitar da sakamako.

A ganina, ga mazaunin Legas babu ɓangaren da ya kai tsaron sirri dacewa. Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantam za ta iya karya irin makullin lissafi da bankuna ke dogaro da shi. A Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idoji 3 na makullan da za su jure wannan hari. Legas ce cibiyar bankuna da kamfanonin biyan kuɗi ta waya a ƙasar nan, kuma wata rana dole su sauya makullansu. Tambayar yadda sababbin makullan za su yi aiki a ƙaramar na'urar POS da ke hannun mai shago a Mile 12, ga raunin netwok ga ƙaramin batir, tambaya ce ta gaske wadda Bature a ɗakin gwajinsa ba shi da filin gwada ta. Kai kana da shi.

Mataki na biyu: gama wani ƙaramin abu

Kafin ka rubuta wa kowa, ka samu abin nunawa. Ɗauki maƙala guda daga sashen quant-ph na arXiv, rumbun maƙalun kimiyya na kyauta a intanet, ka sake fitar da sakamakonta da hannunka, ka ɗora aikin a GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji, da bayani mai tsabta. Buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ce, kuma masu ba da tallafi da yawa suna tambayarta. QWorld tana shirya bitar QBronze ta intanet ga masu farawa, gidauniyar QOSF kuma tana haɗa ɗalibai da ƙwararru su yi aikin 'yan watanni tare. Gidauniyar Unitary tana ba da ƙaramin tallafi na Dala 4,000 ga masu gina manhajojin kwantam da kowa zai iya amfani da su, ba ta kuma sharɗanta digiri ko jami'a. Ga irin matashin nan na Agege, wanda ba ma'aikacin wata jami'a ba ne, nan ce ƙofar farko.

Mataki na uku: nemo abokin aiki

A nan ake cin nasara, a nan kuma ake faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe.

Kada ka fara da manyan sunayen da ke jaridu. Akwatin saƙonsu cike yake. Duba maƙalar da ka sake yi, ka ga waɗanda suka rubuta ta. Sau da yawa akwai matashin malami da bai daɗe da kafa tawagarsa ba, yana neman hannu, yana kuma buƙatar ya nuna wa jami'arsa cewa yana da alaƙa da ƙasashen waje. Irinsa ne ke amsa saƙo.

Saƙon ya zama gajere, kada ya wuce abin da za a karanta a fuskar waya ba tare da gajiya ba. Mu Hausawa mun saba da doguwar gaisuwa, kuma abu ne mai kyau a tsakaninmu, amma a nan layi ɗaya ya isa. Ka faɗi ko kai wane ne da inda kake. Ka ambaci maƙalarsa da sunanta, ka ce ka sake fitar da hoto na kaza, ga mahaɗin aikin. Sai ka kawo tambaya guda mai ma'ana: na canza abu kaza sai sakamakon ya karkata, ko kun lura da haka? A ƙarshe ka nemi ganawar minti 20 ta bidiyo. Kada ka ambaci kuɗi, kada ka ambaci biza, kada ka liƙa takardun shaida guda goma. Yi amfani da adireshin imel na jami'a idan kana da shi, domin saƙonnin da ke fitowa daga Najeriya suna yawan faɗawa kwandon shara tun kafin ido ya gan su. Wannan abu yana yi mini ciwo, amma haka yake. Idan mako biyu suka wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya, sannan ka wuce ga wani.

Ranar ganawar, ka tanadi layin data biyu na kamfanoni daban, ka cika batir, ka sami ɗaki mai shiru. Na taɓa rasa rabin wata ganawa mai muhimmanci saboda janareton maƙwabci da katsewar netwok, kuma sai da na yi wata guda kafin na sake samun lokacin mutumin.

Kada idonka ya tsaya a Turai da Amurka kawai. Afirka ta Kudu ta yi nisa a wannan fanni. Farfesa Andrew Forbes a Jami'ar Wits da ke Johannesburg sananne ne a binciken haske da sarƙewa, Farfesa Francesco Petruccione kuma yana Stellenbosch yana jagorantar NITheCS, cibiyar ƙasar ta nazarin ka'idojin kimiyya da lissafin kwamfuta. A 2019 Wits ta zama jami'ar Afirka ta farko da ta shiga ƙawancen kwantam na IBM, aka kuma tsara ta zama mashigar jami'o'in ƙungiyar ARUA, wadda ta haɗa manyan jami'o'in bincike na Afirka. Jami'ar Legas da ta Ibadan duka suna cikin ARUA. Wanda ke Jami'ar Legas a Akoka ya taka zuwa ofishin bincike ya tambayi yadda alaƙar take a yanzu. A Kigali akwai Quantum Leap Africa ƙarƙashin AIMS, cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, da kuma cibiyar binciken Fiziks ta EAIFR mai ƙawance da cibiyar ICTP ta Italiya. Abokin aiki daga Afirka ya san matsalar wuta da ta biza, ba sai ka yi masa dogon bayani ba, kuma takardar da ta haɗa Legas da Johannesburg da wata jami'ar Turai ta fi ƙarfi a idon alƙalai.

Zumunta a ƙafa take. Makarantun bazara da tarukan ICTP a Trieste ta Italiya, cibiyar da Abdus Salam ya kafa a 1964 domin masana daga ƙasashe masu tasowa, suna da gurbin tallafin tafiya ga irinmu. Mako biyu a can kana cin abinci teburi ɗaya da masu fannin ya fi saƙon imel ɗari.

Mataki na huɗu: ƙwanƙwasa ƙofar da ta dace da matsayinka

Wanda bai fara digirin digirgir ba ya duba difilomar shekara 1 ta ICTP, ko digiri na biyu na AIMS a Ghana, Senegal, Kamaru, Ruwanda ko Afirka ta Kudu, ko shirin PSI na cibiyar Perimeter da ke Waterloo a Kanada.

Wanda ke tsakiyar digirin digirgir a jami'ar gida shi ne ya fi kowa sa'a, ko da bai sani ba. Akwai tsarin da ake raba karatun biyu, rajistarka na nan gida, kana zuwa can ka yi wani ɓangare da mai duba aiki na biyu. Shirin STEP na ICTP haka yake. Hukumar Commonwealth tana da irinsa na wata 12 a Birtaniya, DAAD ta Jamus ma tana da nata. Na fi son wannan tsari a kan kowane, domin alaƙar tana zama ta sashe da sashe, kuma idan ka gama, ɗalibin da ke bayanka zai tarar da hanya a buɗe.

Wanda ya riga ya gama yana da zaɓi fiye da haka. Shirin TWAS (makarantar masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa) da DFG (hukumar tallafin bincike ta Jamus) yana kai matasan masana daga Afirka kudu da Sahara ziyarar da ba ta wuce wata 3 ba a Jamus, kuma an yi shi ne musamman don a ƙulla haɗin gwiwa. Tallafin Georg Forster na gidauniyar Alexander von Humboldt yana ba da wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara 4 da gamawa ba, amma dole ka nuna yadda aikin zai amfani ƙasarka. A nan ne batun bankuna da POS zai yi maka rana. Tallafin Marie Skłodowska-Curie na Turai a buɗe yake ga ɗan kowace ƙasa, muddin bai wuce shekara 8 yana bincike bayan digirin ba, kuma bai zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 cikin shekara 3 da suka wuce ba. Gasarsa da zafi, kuma tare da mai masaukinka za ku rubuta. Royal Society tana da tallafin musayar ziyara, amma abokinka na Birtaniya ne zai shigar da takardar. Malamin da ya kafu a jami'arsa kuma ya nemi zama abokin hulɗar ICTP, wanda ke ba shi damar zuwa Trieste lokaci-lokaci na tsawon shekaru.

'Yan'uwa mata su ƙara da Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger, da kyautar L'Oréal da UNESCO ta matasan masana mata na Afirka kudu da Sahara.

Kada a raina na gida. TETFund tana da ƙaramin tallafin bincike da ake nema ta cikin makaranta, da babban asusun bincike na ƙasa wanda ake fara shi da gajeriyar takardar manufa kafin a gayyaci cikakkiya. Ma'aikatan manyan makarantun gwamnati kaɗai ke cin moriyarsa. Ko kuɗin bai taka kara ya karya ba, abokinka na waje zai ɗauke ka da muhimmanci idan ya ga gidanku ma ya sa hannu a aljihu.

Mataki na biyar: karanta sharuɗɗa kafin komai

Ƙasashe suna kallon fasahar kwantam a matsayin batun tsaro. Shirin Horizon Europe na 2021 zuwa 2027, mai kimanin Yuro biliyan 95.5, yana yarda cibiyoyin Najeriya su shiga ayyuka da yawa har a biya su, bayan an samu aƙalla cibiyoyi 3 daga ƙasashe 3 na Turai ko ƙawayen shirin. Amma kiraye-kiraye da dama na kwantam an rufe su ga 'yan waje, irin wanda matashin Agege ya nuna mini. Hukumar tallafin kimiyya ta Amurka, NSF, jami'o'in Amurka take ba kuɗi. A 2024 Amurka da wasu ƙasashen Turai sun sa takunkumin fitar da wasu kayan kwantam. TWAS ma wasu shirye-shiryenta suna da jerin ƙasashe na musamman. Don haka abu huɗu za ka duba kafin ka rubuta ko kalma ɗaya: ƙasarka tana ciki, matsayinka ya dace, wa zai shigar da takardar, kuma yaushe za a rufe, da agogon wace ƙasa.

Mataki na shida: rubutun da kasafin kuɗi

Tambaya guda, ba biyar ba. Shafin farko ya faɗi abin da ba a sani ba, yadda za ku gano shi, da dalilin da ya sa sai ku biyun ne za ku iya. Wannan na ƙarshen ne ake yawan mantawa. Idan takardar ta nuna kai mai karɓa ne kawai, su ne masu bayarwa, ta zama roƙo. Rubuta abin da ka kawo: ƙwarewa a lissafi, ɗalibai masu himma, filin gwaji, tambayar da daga nan kaɗai take fitowa. Raba aikin wata-wata, kowane da sunan mai yinsa. Guji alƙawarin cewa kwantam za ta magance talauci ko cunkoson gadar Third Mainland. Masu karantawa 'yan fannin ne, sun san iyakar na'urorin yau.

A kasafi, yi lissafi da kuɗin mai bayarwa, ka rubuta farashin canjin da ka yi amfani da shi da ranarsa, domin Naira tana iya sauyawa tsakanin ranar nema da ranar biya. Sa abin da aikin ke ci da gaske: data, inbata da batir ko sola, kuɗin biza, inshorar lafiya, kuɗin buga maƙala, alawus ɗin ɗalibi. Kada ka ji kunyar rubuta sola. Layi biyu na bayani sun isa, kuma na ga an amince da irinsa. Sannan ka ba mutum biyu su karanta, ɗaya ɗan fannin, ɗaya wanda ba ya ciki.

Tun kafin a fara aiki ku yi magana a fili kan sunan wa zai zo farko a maƙala, da wa ke da mallakar manhajar da za a rubuta. Kunya tana hana mu irin wannan magana da wanda muke ganin ya yi mana alheri, amma a rubuce ta fi, ko da a imel ne.

Mataki na bakwai: takardun gida

Yawancin tallafi makaranta ake ba, ba mutum ba. Za a nemi wasiƙar goyon baya daga shugaban sashe, wani lokaci har daga ofishin shugaban jami'a. Na taɓa ganin takarda mai kyau ta mutu saboda wanda zai sa hannu ya yi tafiya kwana biyu kafin a rufe. Fara zagayen ofisoshi aƙalla mako 4 kafin ranar, ka kai daftarin wasiƙar da kanka don a sauƙaƙa musu. Idan na Turai ne, tambayi lambar rajistar makarantarku da ake kira PIC. Je ofishin kuɗi ka ji ta wane asusu kuɗin waje ke shigowa, kaso nawa makaranta ke cira, da kwana nawa ake ɗauka kafin a saki kuɗi. Idan tafiyar doguwa ce, nemi hutun karatu a rubuce.

Mataki na takwas: tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duba fasfonka yau, ka sabunta idan ya kusa ƙarewa. Zamanmu a Legas ya rage mana wahala, tunda ƙananan ofisoshin jakadancin Jamus da Italiya da Amurka suna Victoria Island, amma samun ranar ganawa yana iya cin makonni ko watanni, don haka ka nema da zarar wasiƙar gayyata ta iso. Mai zuwa Birtaniya bincike a Fiziks ko makamancinsa zai buƙaci takardar izini ta ATAS kafin biza. Kyauta ce, amma tana ɗaukar lokaci, kuma bayanin aikin da ka rubuta a ciki dole ya yi daidai da na jami'ar da ta gayyace ka. Tambayi mai masaukinka ko za a biya ka kafin tafiya ko sai ka dawo da rasit, domin tikiti daga filin jirgin Murtala Muhammed zuwa Turai ba abin da albashin malami zai ɗauka ba ne cikin sauƙi. Ajiye kowane rasit da katin shiga jirgi.

Kafin ka baro can, ku zauna da abokin aikinka ku rubuta shafi ɗaya: maƙalar da za a gama da ranarta, tallafi na gaba da za ku nema, da sunan ɗalibin da zai biyo sawunka. Idan ka dawo, aika rahoton a kan lokaci, ka gabatar da aikin a sashenku cikin wata guda.

Shi kuwa matashin na Agege, mun zauna a shagon yayansa bayan la'asar muka zaɓi maƙala guda kan gyaran kura-kurai. Yana aiki a kanta da daddare bayan ya gama duba littattafan ɗalibansa, ya kuma karɓi fom ɗin digirin digirgir don ya samu makarantar da za ta tsaya masa. Hoto na biyu na maƙalar ya fito daidai a kwamfutarsa, na uku ya ƙi. Na ce masa wannan na ukun ne zai zama tambayar da zai sa a saƙonsa na farko.